Yadda Ake Kwatanta Hulunan Kwano na Yaƙin Duniya na Ɗaya da na Biyu

Kafin ka ajiye hulunan kwano biyu na yaƙin duniya ka ce wannan ta fi waccan, fara sanin abin da aka ƙera kowace ta tare. Babu ɗaya a cikinsu da aka yi domin ta tsayar da harsashin bindigar soja da aka harbo daga kusa. Kaurin ƙarfensu bai wuce milimita ɗaya da ɗan ɗoriya ba, wata ma ba ta kai ba. A 1914 sojan Faransa da na Birtaniya da hular yadi suka shiga yaƙi, na Jamus kuma da hular fata mai tsini a tsakar ka. Da yaƙi ya koma na zaman rami, igwa ta zama babbar mai kisa: ƙwanson da ke fashewa a sama ya watso ƙwallayen dalma, da tsagin ƙarfe, da duwatsun da fashewa ke tayarwa. Mutum na cikin rami, jikinsa a ɓoye, kansa ne a fili. Wannan ita ce matsalar da kowace ƙasa ta zauna warwarewa, kowace da irin ƙarfen da take da shi da ƙarfin masana'antunta da kuma gaggawar da ke kanta.

Kayan aikin ba su da yawa: sikelin kicin mai nuna giram, ƙaramin mayen ƙarfe, tef ɗin tela, ma'aunin kauri mai baki biyu irin na makanikai, tocila, da safar hannu. Idan a hoto kake kwatancen, ka nemi huɗu a kan kowace hula: ta gefe, ta gaba, cikinta, da bakinta a kusa. Hoton gaba shi kaɗai yana ruɗarwa ƙwarai, don a nan ne suka fi kama da juna.

Mataki na 1: Dubi siffarta daga gefe

Ajiye hular a kan tebur, ka sunkuya har idonka ya yi daidai da bakinta. Abin da kake nema shi ne inda ƙarfe ya sauka ya rufe da inda ya bar fata a buɗe: goshi, gefen ido, kunne, ƙeya.

Ta Birtaniya, wadda John Leopold Brodie ya yi wa rajista a Landan a 1915, ba ta da zurfi, bakinta kuma ya baje kewaye da faɗin kusan santimita 5. Duk hankalinta na kan abin da ke faɗowa daga sama. Ga wanda ke tsaye cikin rami ta yi daidai, har kafaɗa takan ɗan kare. Da ya fito fili kuwa, kunne da ƙeya da gefen fuska duk a waje suke.

Ta Jamus, Stahlhelm samfurin 1916, akasin haka ce. Friedrich Schwerd na makarantar fasaha ta Hanoba ne ya zana ta, tare da shawarar likitan fiɗa August Bier, wanda ya ga irin raunin kan da ake kawo masa daga fagen daga. Shi ya sa layin bakinta ba miƙaƙƙe ba ne: ya fito gaba ya yi wa ido rumfa, ya gangaro ta gefen ido, ya rufe kunne, ya sauka ƙeya. A yaƙin farko babu wadda ta kai ta rufe kai. Sojoji sun yi ƙorafin tana rage ji, kuma muryar mutum na yi masa amsa-kuwwa a ciki. Wannan ne ya sa a 1918 aka fito da wani nau'i da aka yanke masa gurbin kunne.

Ta Faransa, Adrian samfurin 1915, tsaka-tsaki take: ƙoƙon kai zagayayye, leɓe a gaba, leɓe a baya, da tukku na ƙarfe da ya taso daga tsakar kai ya gangara baya. Ita ce ta riga sauran isa hannun sojoji da yawa, tun cikin 1915.

A yaƙi na biyu kusan kowa ya karkata wajen zurfi, domin soja ya daina zama wuri ɗaya. M1 ta Amurka ta 1941, SSh-40 ta Tarayyar Sobiyet, M33 ta Italiya da samfurin 90 na Japan duk masu zurfi ne, bakinsu ƙarami. Jamus ta rage girman tata a 1935, ta gajarta rumfar gaba da ta ƙeya. Birtaniya ce ta daɗe a kan tsohuwar siffa da Mark II, sai a 1944 ta fara amfani da Mark III mai zurfi, wadda sojojinta da na Kanada suka sa ranar da sojojin ƙawance suka sauka a gaɓar tekun Nomandi ta Faransa, 6 ga Yuni.

Mataki na 2: Ƙirga guntayen da aka haɗa

Juya hular ka bi ta da tocila, kana neman ɗinki, ƙusa da wurin haɗi. Nan ne za ka gane ƙarfin masana'antar da ta yi ta.

Adrian ta 1915 guntaye ce: ƙoƙo, leɓen gaba, leɓen baya, tukku, sai tambarin da aka maƙala a goshi. An yi haka ne domin ƙananan masana'antu masu sarrafa kwano mai taushi su iya fitar da ita da sauri, kuma sun fitar, miliyoyi. Amma kowane haɗi wurin rauni ne. Bugu mai ƙarfi kan ɓalle leɓe ko ya tura ƙusa ciki, ramukan da aka huda don tambari ma sun raunana goshin. A ƙarƙashin tukkun akwai tsaga ta shan iska. A 1926 Faransa ta gyara wannan da samfurin da ƙoƙo da leɓɓansa suka fito daga falle ɗaya, tukkun kaɗai ake haɗawa. Saboda haka idan ka ga Adrian, duba inda leɓe ya haɗu da ƙoƙo: akwai layin haɗi mai tudu, ta 1915 ce, babu, ta 1926 ce, wadda aka shiga yaƙin 1940 da ita.

Brodie falle ɗaya ce, kuma rashin zurfinta ba ganganci ba ne. Ƙarfenta yana taurara yayin da ake matsa shi, idan aka ja shi da zurfi sai ya tsage ko ya sirance. Siffa marar zurfi tana fita cikin sauƙi a injin matsa, kaurinta kuma ya kusan zama ɗaya ko'ina. Stahlhelm ma falle ɗaya ce, amma sai an bi da ita matsa bayan matsa, a gasa ta a tsakani da bayan gamawa. Ta fi tsada, ta fi cin lokaci. M1 ta gaji ƙarfen Brodie amma aka ja shi zurfin kusan santimita 18, shi ya sa za ka riƙa ganin tsaga siririya a tsaye a bayan tsofaffin M1 ko a gefensu, ba tare da komai ya buge su ba. Kada ka ɗauki irin wannan tsagar a matsayin shaidar yaƙi. Ciwon ƙira ne.

Mataki na 3: Gwada ƙarfen

Ɗora mayen ƙarfe a tsakar hular, kada ka ɗora a baki, don sau da yawa bakin wani ƙarfe ne daban. Ƙarfen Hadfield, mai manganis kimanin kashi 12 cikin ɗari, wanda Robert Hadfield na Shafil ya ƙirƙiro, ba ya kama maye, ko kuma ya ɗan ja shi kaɗan a inda aka fi matsa shi. Da shi aka yi Brodie Mark I ta Birtaniya ta yaƙin farko, M1917 ta Amurka da aka kwaikwayo daga gare ta, Mark II ta fagen daga da M1. Halinsa shi ne ya loɓa ya shanye bugu maimakon ya farfashe. Adrian ta 1915 ƙarfe ne mai taushi, maye na manne mata tsam. Stahlhelm ma tana kamawa: ta yaƙin farko gaurin nikel ce, ta 1935 mai molibdenam, daga 1940 aka koma manganis da silikon.

Wannan gwajin yana warware wata rikita da ke yawan faruwa. A farkon yaƙi na biyu Birtaniya ta yi Mark II masu ƙaramin inganci domin masu aikin ceto da tsaron gari, ta huda musu ramuka ɗaya zuwa huɗu a leɓe kusa da maƙalin igiyar haɓa don kada a kai su fagen daga. Ka ga waɗannan ramuka, maye kuma ya kama, to ba ta sojan gaba ba ce.

Sai kauri. Kada ka auna a bakin da aka naɗe ko aka sa wa ƙawanya, zai ba ka ninki biyu. Adrian ta 1915 milimita 0.7 ce, Brodie kimanin 0.9, Stahlhelm 1 zuwa 1.2, SSh-40 kimanin 1.2. A sikeli, Adrian na wajen giram 750, Brodie da kayan cikinta kusan kilo ɗaya, Stahlhelm ta 1916 daga kusan kilo ɗaya zuwa 1.4 gwargwadon girmanta, M1 da hularta ta ciki kimanin kilo 1.3. Kuskuren da ake yi a nan shi ne auna wata da kayan ciki, wata babu, ko a haɗa ƙaramar Stahlhelm da babba a ce samfuri ne ya bambanta. Rubuta girman kowace kafin nauyinta.

Kauri kaɗai ba ya yanke hukunci. Masu bincike a Jami'ar Duke ta Amurka sun wallafa a 2020 sakamakon gwajin da suka yi da iskar fashewa mai dukan kai daga sama, inda Adrian, mafi sirantar duka, ta fi Brodie da Stahlhelm rage matsin da ke isa tsakar kai, suka kuma danganta hakan da tukkunta. Gwajin iskar fashewa ne daga sama kawai, bai shafi tsagin ƙarfe ba, inda taushin ƙarfenta ya bar ta a baya.

Mataki na 4: Kayan ciki, inda aka fi yin sakaci

Mutane kan tsaya a ƙarfe su manta cewa ƙarfen da ya zauna kai tsaye a kan ƙashi ba ya hana mutuwa. Idan abu ya bugi hula ta loɓa ciki, tazarar da ke tsakanin ƙarfe da kai ita ce ke ceton mutum. Aikin kayan ciki aikin gammo ne: ya raba kai da kaya, ya watsa nauyi. Sa yatsa tsakanin maɗaurin kai da ƙarfe, ta gaba, ta gefe, ta sama, ka rubuta tazarar.

A Adrian za ka ga fata mai harsuna da aka zarge da igiya a tsakiya, a bayanta kuma siraran falle masu lanƙwasa da ke ba da 'yar tazara da hanyar iska. Tazarar kaɗan ce. A Brodie Mark I kayan cikin na yadi ne mai shafin mai, da raga mai zariya, da guntayen bututun roba kewaye, duka an rataye su da ƙusa ɗaya a tsakar hular tare da igiyar haɓa. Matsalar a bayyane take: ƙusar tana daidai inda bugu daga sama ke sauka. A 1917 aka ƙara zoben roba a ƙarƙashin matashin tsakiya don rage wannan. A Mark II noti ne da sukuru a wurin ƙusar, ana iya kwance kayan a sauya.

Stahlhelm ta 1916 matasai uku ne na fata a kan ɗamara, kowanne da aljihun da ake cusa abin laushi a ciki. Da fata ta yi ƙaranci a 1917 sai ɗamarar ta koma ta ƙarfe. Igiyar haɓa a 1916 a jikin ƙarfen hular take maƙale, tana yawan zamewa, a 1918 aka mayar da ita jikin ɗamarar ciki. Wannan ita ce hanya mafi sauƙi ta raba 1916 da 1918: nemi kan ƙusa a ƙasan gefen hular daga waje, idan babu, ta 1918 ce. A samfurin 1935 da na bayansa ɗamara biyu ce ta ƙarfe, ta waje da ta ciki, da fata mai harsuna takwas, a manyan girma tara, ƙusoshi uku masu rabe-raben ƙafa na riƙe da ita.

M1 ta zo da dabara daban. Hula biyu ce, ɗaya cikin ɗaya. Ta waje ƙarfe ce zalla, girma ɗaya ga kowa. Ta ciki mara nauyi ce, da farko ta matsattsen kwali, daga baya ta yadin auduga da aka jiƙa da ƙaro aka matse, kuma a jikinta ne aka ɗaura ragar igiyoyin da ke ɗauke da kai, tsarin da aka aro daga hular 'yan wasan ƙwallo irin na Amurka da John Riddell ya ƙera. Kai ba ya taɓa ƙarfe ko ta ina. A ganina wannan ne tsarin ciki mafi kyau a yaƙin, ko da yake hular na yawan girgiɗi a kai idan soja na gudu. Tunda ƙarfen na ciruwa, sojoji sun yi wanka da wanki da shi, wasu har girki, abin da aka hana saboda wuta na lalata ƙarfinsa. Da yawa kuma sun ƙi ɗaura igiyar haɓa saboda tsoron iskar fashewa za ta fizgi hular ta karya wuya, shi ya sa a hotuna za ka ga igiyar a ɗaure ta bayan hular.

Ta Sobiyet ana gane ta daga waje da ƙirgen ƙusa: uku a sama-sama SSh-39 ce, shida a ƙasa-ƙasa SSh-40 ce, mai matasai uku a ciki da aka yi don ta hau kan hular sanyi. Ta Japan da doguwar igiyar yadi ake ɗaure ta, a ƙulla a haɓa.

Mataki na 5: Baki, ramin iska da hatimi

A nan ake sanin shekara. Stahlhelm ta yaƙin farko tana da ƙaho biyu gajeru a gefe. Ramin iska ne a cikinsu, kuma a kansu ake rataya wani farantin ƙarfe mai kauri na kare goshi, wanda nauyinsa ya sa masu gadi da maharba kaɗan ne suka yi amfani da shi. A lokacin sanyi sojoji kan toshe ramukan da tsumma ko laka. Na yaƙi na biyu ba su da ƙaho, kuma ana raba su uku da abu biyu. Samfurin 1935: baki a naɗe ciki, ramin iska kuma zobe ne daban da aka dasa. Na 1940: baki a naɗe, amma ramin iska an bugo shi ne daga jikin ƙarfen. Na 1942: an daina naɗe baki, an bar shi a yanke ya ɗan buɗe waje. Kowane sauyi rage aiki ne a masana'anta yayin da yaƙi ke cin kayan Jamus.

A ciki, a gefe ko a ƙeya, akwai hatimin maƙera da lamba, misali ET64 ko Q66. ET masana'antar garin Thale ce, Q kuma ta kamfanin Quist. Lambar girman ƙarfen ce, ba girman kai ba: ƙarfe 64 na ɗaukar kai mai santimita 56 ko 57, 66 kuma 58 ko 59.

A M1 duba inda ƙawanyar baki ta haɗu. A gaba, an yi ta kafin ƙarshen 1944. A baya, daga ƙarshen 1944 ne zuwa gaba, har da na bayan yaƙi. Maƙalin igiyar haɓa da aka liƙe ba ya motsi na farko-farko ne, yana yawan karyewa, daga 1943 aka koma mai juyawa. Kamfanonin McCord na Ditiroit da Schlueter na San Luwis su suka buga M1 sama da miliyan 22 kafin yaƙi ya ƙare, kuma hatimin zubin ƙarfe na ƙarƙashin rumfar gaba, na Schlueter da harafin S. Tsakanin Brodie Mark I da M1917 ta Amurka, waɗanda daga nesa ba a raba su, duba ƙusar maƙalin igiya: ta Birtaniya mai rabuwar ƙafa biyu ce, ta Amurka dunƙulalliya.

Mataki na 6: Fenti da tambari

Bar wannan a ƙarshe, don shi aka fi sauyawa kuma shi aka fi yin jabunsa. Adrian ta fara da shuɗi mai toka-toka, tambarin goshi na nuna rukuni: gurneti mai harshen wuta ga sojan ƙasa, igwa biyu a gicciye ga 'yan igwa, jinjirin wata ga rundunonin Arewacin Afirka, anka ta jirgin ruwa ga rundunonin mulkin mallaka, waɗanda fentinsu ya koma rawaya-rawaya mai ƙasa-ƙasa. Wannan mai anka ita ce ta sojojin da ake kira 'yan Senegal, duk da cewa daga ko'ina cikin Afirka ta Yamma ta Faransa aka ɗebo su, har da Nijar. Sojojin Najeriya da suka yi yaƙin Bama a runduna ta 81 da ta 82 kayan Birtaniya suka sa, amma a yawancin hotunansu malafar yadi mai faɗin baki za ka gani, don ita ta fi dacewa da daji da zafi.

Birtaniya ta gauraya fenti da yashi ko garin katako don kashe ƙyalli, Amurka ta sa garin toshiyar kwalba a na M1. A Yulin 1918 rundunar Jamus ta ba da umarnin fentin ɓad-da-kama: kore, rawaya da jan ƙasa, a raba su da baƙin layi mai faɗin yatsa. Samfurin 1935 na sojan ƙasa ya fito da tambari biyu, garkuwa mai launin tuta a dama, mikiya a hagu. An cire ta dama a 1940, aka daina sauran a 1943. To idan ka ga samfurin 1942 na sojan ƙasa ɗauke da tambari biyu, ka yi shakka. Haska tocila a karkace: tambari na asali ya tsufa tare da fentin da ke ƙarƙashinsa, ƙarzuwa ta ratsa su biyun tare. Ka kuma tuna ƙasashe da dama sun ci gaba da buga irin M1 da Mark II da SSh-40 shekaru bayan 1945, siffa kaɗai ba ta isa shaidar cewa hula ta ga yaƙin ba.

Idan hular ta zo hannunka

Yawancin Brodie na yaƙin farko, da M1917, suna da shimfiɗar asbestas a ƙarƙashin matashin tsakar kai, ƙurarta kuma na illata huhu. Kada ka sa ta a kai, kada ka ɗaga matashin ko ka hura shi. Sa ta cikin leda mai kauri ka rufe. Ga sauran, goge ƙura da buroshi mai laushi kawai. Sanfefa, man goge ƙarfe da sabon fenti suna share hatimi da tambarin da kake buƙata don kwatance, mai kuma yana ruɓar da tsohuwar fata ya baƙanta ta. Kada ka rataye ta da igiyar haɓa, ta bushe, za ta tsinke. Ɗora ta a kan abin da zai tallafi ƙarfen ba kayan ciki ba, a wuri busasshe nesa da rana, ka riƙa duba ƙarƙashin naɗin baki lokacin damina, don a nan tsatsa ke fara ci.